Darasin Kasuwanci: Sayen Cajar Tafi-da-Gidanka Ta Motar Lantarki Da Yadda Ake Amfani Da Ita

Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, 'yan kasuwa da dama suka fara tunanin motar da ke aiki da lantarki. A shekarar 2020 kamfanin Stallion ya fito da Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, kuma a 2021 Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa, ƙarƙashin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Sai dai tashoshin caji ba su wadata ba a Arewa. Saboda haka ɗan kasuwar da ke zaune a Bagadaza ko wata unguwa ta cikin garin Gombe, cajar tafi-da-gidanka ce madogararsa, wato wadda ake ajiyewa a bayan mota, a jona ta a soket ɗin gida ko na shago.

Kafin a saya

Abu na farko shi ne bakin cajar ya dace da na motar. Motocin Turai suna amfani da bakin da ake kira Type 2, tsofaffin motocin Amurka da na Japan suna da Type 1, na ƙasar Sin kuwa GB/T. Wanda ya saya bai duba ba, to, ya ɗaure kuɗinsa a kan abin da ba zai shiga motarsa ba.

Na biyu, wutar Nijeriya volt 230 ce. Wasu cajojin da ke zuwa tare da motocin Amurka an yi su ne don volt 120 kawai, kuma jona su a nan asara ce nan take. A karanta rubutun da ke jikin cajar.

Na uku, a zaɓi wadda ake iya rage mata jan wuta, daga amp 16 zuwa 10 ko 8 ko 6, wadda kuma take yanke wuta da kanta idan ta yi zafi ko wuta ta zurare. A duba alamar IP65 ko sama da haka, domin ita ce shaidar cewa ƙurar hunturu da ruwan damina ba za su shige ta ba. A nemi takardar SONCAP ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, da rasit, da garanti a rubuce. Araha ba ta ado.

Lissafin lokaci da kuɗi

Soket ɗin gida mai baki uku amp 13 yake ɗauka, amma don aikin sa'o'i masu yawa bai kamata a wuce amp 10 ba. Wannan yana ba da kilowat 2.3. Batirin Kona mai ɗaukar yunit 64 zai ci kimanin sa'o'i 30 kafin ya cika daga ƙasa. Amma cajin sa'o'i 8 na dare yana ba da yunit 18, wanda ya isa tafiyar kimanin kilomita 100. A farashin rukunin A na watan Yulin 2024, wato naira 209.50 kowane yunit, kuɗin bai kai naira 3,800 ba. Mai zirga-zirga cikin gari wannan ya wadace shi. Mai niyyar zuwa Bauchi kuwa sai ya fara caji tun kwana guda kafin tafiya.

Kiyaye lafiya da dukiya

Haɗarin ya fi yawa a wayoyin gini. Caja tana jan wuta mai yawa dare guda ba hutawa, kuma soket mai sako-sako yakan yi zafi har ya narke. Don haka a sa ƙwararren ma'aikacin lantarki ya ja wa cajar layinta daban tun daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kauri, da na'urar yanke wuta, ya kuma tabbatar da wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa tana aiki. Caja mai inganci takan ƙi tashi idan babu wannan waya, kuma kuskure ne babba a yi mata dabara don a tilasta ta.

Kada a jona ta a wayar ƙari mai soket da yawa, kada kuma a bar wayarta a nannaɗe tana aiki. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke tsananta, a yi caji a inuwa ko da dare, a kuma rage jan wutar. Bayan sa'a guda a taɓa fulogin. Idan ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, a kashe nan da nan. Ƙaramin janareto ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Haka kuma, tunda wutar kamfanin rarraba lantarki na Jos, wanda ke kula da Jihar Gombe, takan ɗauke ta dawo, a sanya na'urar kare kaya daga hauhawar wuta.

A ƙarshe, mai shagon da ke kasuwa ko gidan haya ya nemi amincewar mai ginin kafin ya fara caji, domin gobara idan ta tashi ba ta tsayawa a shago ɗaya. Allah ya kare mu, ya kuma sa albarka a nema.