Darasin Lafiya: Tarin da Ke Tafiya Ya Dawo

Gabatarwa

Da zarar hunturu ya shigo Wagini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, sai ka ji tari gida-gida. Yawanci mura ce, takan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Amma akwai waɗanda nasu ba ya rabuwa da su: su sha magani su samu sauƙi, bayan wata guda ƙirji ya sake kamawa. Wannan darasi domin su ne da masu jinyarsu. Ciwon ƙirji mai maimaituwa yana da dalili, kuma sai an gano dalilin kafin magani ya yi amfani.

Me ke faruwa a cikin huhu?

Hanyoyin iska a huhu kamar rassan bishiya suke. A cikinsu akwai 'yan ƙananan gashi masu share ƙura da majina zuwa waje. Hayaƙi yana raunana wannan gashi, sai majina ta taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ciwo mai tsanani yakan bar tabo, tabon kuma ya buɗe ƙofa ga wani ciwon.

Dalilai huɗu da aka fi gani

1. Tarin fuka, wato tibi. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya. Tana saurin yaɗuwa inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki ɗaya, kamar iyalan da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu.

2. Hayaƙi. Matar da ta yi shekaru tana girki da itace ko kara a rufaffen madafi tana iya samun toshewar hanyoyin numfashi, ko da ba ta taɓa shan taba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya jawo mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020.

3. Asma. Numfashi yana fito, ƙirji ya ɗaure, musamman da dare ko lokacin ƙura.

4. Tabon tsohon ciwo, kamar namoniya, ƙyanda ko tibin da aka riga aka warke.

Abin da ya kamata a yi

Duk tarin da ya kai mako biyu, a je asibiti a yi gwajin kaki, balle idan akwai rama, zazzaɓi, gumin dare ko jini. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ana shan maganin wata 6, kuma kada a daina don an ji sauƙi. Ana iya kiran lambar 3340 kyauta don neman bayani.

Idan gwaji ya nuna ba tibi ba ne amma tari bai daina ba, a roƙi ma'aikacin lafiya ya tura ku babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, domin hoton ƙirji. Yawan sayen kafso a kemis yana cinye kuɗi, yana kuma sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Idan ciwon ya zauna

Huhun da ya lalace ba ya komawa yadda yake, amma ana iya hana ɓarnar ƙaruwa:

• A yi girki a fili ko a madafi mai taga, da busasshen itace. Kada a goya yaro a bakin murhu.
• Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, komai sanyi.
• A rufe hanci da baki lokacin sussuka, sheƙa da shara. A yayyafa ruwa kafin a share ƙasa.
• A daina shan taba.
• A sha ruwa sosai don kaki ya yi laushi, a riƙa ɗan tattaki kullum.
• In numfashi ya yi wuya, a zauna a ɗan sunkuya gaba, a ja iska ta hanci, a fitar a hankali ta baki kamar mai hura koko.
• Maganin shaƙa da likita ya rubuta ba ya sa jaraba. A yi amfani da shi yadda aka nuna.
• A kai yara su kammala allurar rigakafi, domin akwai ta namoniya da ta ƙyanda a ciki.

Alamun haɗari

A garzaya asibiti idan mutum ya kasa magana saboda haki, ko yana tarin jini. A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru. Sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar namoniya ce. Haka kuma idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ko ya kasa shan nono.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ke hana mutanen unguwarmu zuwa gwaji da wuri: kuɗin mota, tsoron hanya, ko kunya?
2. Yaya ƙungiyarmu za ta taimaki mai shan maganin tibi har ya cika wata 6?
3. Wane gyara za mu iya yi wa madafinmu kafin hunturu mai zuwa?