Yadda Ake Fito da Ɗalibi daga Gaza Ya Ci Gaba da Karatu a Zariya

A watan Oktoban 2023 yaƙi ya tsayar da karatun aji a dukkan jami'o'in Zirin Gaza, domin an ragargaza gine-ginen Jami'ar Musulunci ta Gaza, wadda aka kafa a 1978, da na Jami'ar Al-Azhar ta Gaza da ta Al-Aƙsa, kuma a watan Janairun 2024 sojojin Isra'ila suka tarwatsa babban ginin Jami'ar Isra da nakiya. Jama'ar unguwa irin Kwarbai, wadda ke cikin ganuwar birnin Zariya a maƙwabtaka da fadar Sarkin Zazzau, ba baƙi ba ne ga karɓar mai neman ilimi daga nesa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana karɓar ɗalibai 'yan ƙasashen waje. Sai dai fito da ɗalibi daga Gaza aiki ne na takardu da gwamnatoci, wanda matakansa ke bin juna bi da bi, kuma duk wanda ya fara tara kuɗin jirgi kafin ya samu gurbin karatu ya sa ɗalibin cikin dogon jira marar amfani.

Aiki yana farawa da tantance ɗalibin, wato tabbatar da cewa mutumin da ake magana da shi ta waya shi ne wanda sunansa ke cikin rajistar jami'a, domin 'yan damfara sun daɗe suna fakewa da wahalar Gaza a intanet. Ana neman lambar rajistarsa, da sakamakon Taujihi, wato jarrabawar kammala sakandare ta Falasɗinu, da takardar makin darussan da ya riga ya ci. Yawancin ɗalibai sun baro takardunsu na asali a ƙarƙashin ɓaraguzan gidaje, abin da ya rage musu bai wuce hotunan da ke cikin waya ba, saboda haka sai a rubuta wa jami'arsa kai tsaye, tun da jami'o'in Gaza sun ci gaba da gudanar da harkokinsu ta intanet daga 2024, a kuma nemi Ofishin Jakadancin Falasɗinu da ke Abuja ya gaskata takardun. Nijeriya ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, don haka hatimin wannan ofishi yana da nauyi a wurin hukumomin ƙasar.

Bayan haka sai neman gurbin karatu, kuma a nan ne ake bukatar malamin jami'a guda wanda zai rungumi fayil ɗin ya riƙa bin sa daga ofis zuwa ofis. Ɗalibin digirin farko yana shiga ne ta hannun JAMB, hukumar da ke kula da shiga manyan makarantu, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya kuma ita ke auna takardun ƙasashen waje ta faɗi matsayinsu, sannan sashen da ɗalibin zai shiga ya kwatanta darussan da ya yi da tasa manhajar ya yanke ajin da za a sa shi. Wannan hanya ba sabuwa ba ce, domin lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka kwaso ɗaliban Nijeriya, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, JAMB ta fitar da ƙa'idojin shigar da ɗaliban da yaƙi ya koro cikin jami'o'in gida. An tsara waɗannan ƙa'idoji ne domin 'yan ƙasa, amma hujja ce mai ƙarfi a gaban majalisar jami'a cewa ana iya karɓar ɗalibin da takardunsa ba su cika ba saboda yaƙi. Ya wajaba a gaya wa ɗalibin tun farko cewa ana iya mayar da shi baya da shekara, musamman a fannin likitanci, kuma da Ingilishi ake koyarwa.

Maganar kuɗi tana zuwa ne bayan takardar shiga ta fito. Abin da ake nema shi ne lissafin dukkan shekarun karatu har zuwa kammalawa, wanda ya haɗa kuɗin makaranta na baƙi, da ya fi na 'yan ƙasa yawa, da na ɗaki da abinci da magani da sabunta izinin zama. Taimakon da ake tarawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a yana da albarka, amma ofishin biza ba ya karɓar alkawarin baki, sai takardar ɗaukar nauyi daga ƙungiya mai rajista ko attajirin da zai sa hannu ya nuna bayanan asusunsa na banki. Ya fi kyau a buɗe asusu na musamman da mutum uku ke sa wa hannu, a riƙa biyan jami'a kai tsaye, kuma kada a yaɗa suna ko hoton ɗalibin wajen neman gudummawa ba da izininsa ba, domin iyalinsa suna can ciki.

Fita daga Gaza ita ce mataki mafi wuya, kuma ba ta hannun jama'ar unguwa ko jami'a. Fasfo na Falasɗinu hukumar da ke Ramallah ce ke bayar da shi, don haka wanda nasa ya ƙone ko ya ƙare sai ya wakilta wani ya nema masa. Kafin watan Mayun 2024 mutane suna fita ta mashigar Rafah zuwa Masar, galibi bayan biyan kimanin dala 5,000 a kan babba guda, amma da sojojin Isra'ila suka kama ɓangaren Falasɗinu na mashigar a wannan wata sai hanyar ta toshe ga matafiya. Ɗaliban da ƙasashen Ailan da Birtaniya suka fitar a 2025 sun bi ne ta mashigar Karam Abu Salim zuwa Jodan, bayan gwamnatocinsu sun miƙa sunaye ga COGAT, wato sashen ma'aikatar tsaron Isra'ila mai kula da shige da fice na yankunan Falasɗinawa, kuma a Jodan aka ɗauki hoton yatsun waɗanda za su Birtaniya, saboda babu cibiyar biza mai aiki a Gaza. Abin da wannan ke nunawa shi ne sai gwamnati ta nemi ɗalibi da sunansa yake fita, don haka aikin kwamitin da ke ɗaukar nauyin ɗalibin a Zariya shi ne ya kai fayil cikakke ga Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, ta hannun shugaban jami'a da 'yan majalisar yankin da masarauta, ya kuma dage da bibiya. Idan ɗalibin ya riga ya tsallaka Masar, kamar dubban Falasɗinawa da ke zaune a Alƙahira, aikin ya sauƙaƙa ƙwarai, domin ofishin jakadancin Nijeriya na can zai iya ba shi biza. Mafi yawan ɗaliban likitanci da Pakistan da Afirka ta Kudu suka karɓa a 2024 ta Masar suka tashi.

Da isowarsa Nijeriya da katin rigakafin shawara, sai jami'a ta gabatar da shi ga Hukumar Shige da Fice a mayar da bizarsa izinin zama, wanda ake ba da katinsa mai suna CERPAC.

Saukar baƙo kuwa abu ne da mutanen birni suka gada, amma wannan baƙo yana da bukatun da almajirin da ya zo daga Katsina ko Damagaram ba shi da su. Babu zazzabin cizon sauro a Gaza, jikinsa bai saba da shi ba, don haka gidan sauro da ganin likita suna gaba da liyafa. Ɗaki a Samaru ko Kongo ko kusa da asibitin koyarwa na Shika ya fi masa sauƙin zuwa aji, gidan mai masaukinsa a Kwarbai kuma ya zama gidan da yake zuwa hutu da buɗe-baki, inda ake kiran sa ɗan gida. Idan ɗaliba ce, uwar gida ce ke riƙe ta. Ya kamata a sanar da shi tun kafin Hawan Sallah da Hawan Daushe cewa 'yan bindigar sarki za su yi ta harbi a ƙofar fada, domin wanda ya kwana watanni ƙarƙashin ruwan bama-bamai yana iya firgita da ƙarar da yaran unguwa ke gudu su je kallo. Kada kuma a riƙa jan sa daga wannan taro zuwa wancan ana sa shi ba da labarin mamatansa.

Falasɗinawa suna tsoron fitar da ba ta da komawa, domin waɗanda aka kora a 1948, abin da suke kira Nakba, har yau ba a bar su sun koma ba, kuma a watan Mayun 2024 malaman jami'o'in Gaza sun yi kira ga duniya da ta taimaka a raya jami'o'insu a inda suke. Saboda haka ya wajaba kwamiti ya tabbatar ɗalibin ya adana katin shaidarsa na Gaza, ya ci gaba da hulɗa da tsohuwar jami'arsa, kuma a sa kuɗin jirgin komawa cikin lissafi tun ranar farko.