Darasi: Ƙarar ruwan sama bisa rufin kwano

Wanda ya kwana ɗakin soro, wani lokaci sai da safe yake sanin an yi ruwa. Wanda ya kwana ɗakin kwano kuwa, ɗigon farko ke tada shi. In hadari ya sauko cikin watan Agusta, radiyo ba ya jiyuwa. Uwa ba ta jin kukan ɗanta daga ɗakin kusa. Mai gida ba ya jin motsin bisashe a garke.

Mi ke kawo wannan ƙara? Kwano ba shi da kauri, ba shi da nauyi. In ɗigo ya buge shi sai ya kaɗa, kamar fatar ganga. Rufin soro kuwa azara ce da ƙasa mai kauri, ɗigo ba ya iya motsa shi. Nauyi shi ke kashe ƙara.

Mutanen Ingila ma sun san wannan damuwa. Can ana sanyi, rana ba ta da ƙarfi. Don haka suna gina wani ɗaki jikin gida, mai bangon gilashi, su zauna ciki su sha hantsi. Da yawa an rufe su da wata roba mai haske, sunanta polikabonat. A Jamus aka gano ta, shekara ta 1953. Falle mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1 bai cika kai kilo 4 ba. Gilashi riɓi biyu mai wannan girma ya kai kilo 20. Da ruwa ya sauko, robar ta ɗauki kiɗi, hira ta ƙare. Waɗansu suna cire ta su sa gilashi, in suna da hali. Waɗansu suna yin rufi na biyu ƙarƙashinta. Ƙara ta ragu, amma hasken da aka gina ɗakin dominsa ya tafi.

Dabarar rufi na biyu ita ce ta dace da ɗakin kwano, kuma ba ta buƙatar kuɗi da yawa. Amma kafin a fara, a hau a duba kusoshi. Kwanon da ya saki ya fi ƙara, shi ne kuma iska ke fara ɗauka. A ƙara kusa inda ta fita. A toshe ramukan da ke yoyo, don in ruwa ya zuba bisa rufin ciki, aiki ya lalace.

Sa'an nan a gitta itace ƙarƙashin kwanon, a bar fili wajen santimetir 20 tsakani. A shimfiɗa zana ko tabarmin kaba bisa itacen, riɓi biyu ko uku, a ɗaure da kyau. Mai hali ya sa katako. Kada tabarma ta taɓa kwanon. Da wannan fili da kaurin tabarmin, ƙara za ta ragu ƙwarai. Zafin bazara ma yana raguwa.

Zana abincin wuta ce. Kada a yi wannan rufi a ɗakin girki, kada a rataya fitila kusa da shi. Gara da kusu da kunama suna son wurin, sai a sauke shi a kakkaɓe kowace shekara bayan kaka.

Waɗansu suna shimfiɗa zana bisa kwanon daga waje. Ƙara tana raguwa, gaskiya ne. Amma zanar tana riƙe ruwa, kwano ya yi tsatsa tun bai tsufa ba. Asarar ta fi ribar.

Mai shago ko mai ɗaki da ya sa fallen roba mai haske tsakanin kwanonsa, ya bar wurin buɗe in yana yin rufin ciki. Falle ɗaya ya isa ɗaki.