Kula da Injin Taliya

Uwargida, in kin gama murza taliya, kada ki kusanta injin da ruwa. Ruwa na maƙalewa cikin haƙoransa, kwana kaɗan tsatsa ta kama, taliyar ta riƙa fitowa da baƙi-baƙi. Ki bar ragowar ƙullun ya bushe tukuna, sannan ki kakkaɓe da busasshen buroshi, ki sakace lungunan da tsinke. Wuƙa kuwa a'a, karce ƙarfen take yi. Idan hannun ya fara ƙara, ki ɗiga man gyaɗa kaɗan a gefunan injin, ki murza guntun ƙullu ya kwashe dattin, ki yar. Da damina a lulluɓe injin, a ajiye inda babu laima.