Darasi: Kulle Layinka Kafin Ka Shiga Mota

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan wayar hannu ne, da yadda za mu tsare ta sa'ad da muke kan hanya. Daga kaka zuwa Kirsimeti da bikin Uhola mutanenmu ba sa zama wuri ɗaya. Wasu na kai dawa kasuwa, mata na zuwa taron Zumunta, ɗalibai na dawowa gida, motoci cike suke daga Zuru zuwa Kontagora ta Rijau, ko zuwa Birnin Kebbi ta Koko. A cunkoson tasha da kasuwa ne waya ta fi ɓata.

Sa'ad da GSM ta shigo Najeriya a 2001, wanda aka sace wa waya, wayar kaɗai ya rasa. Yanzu ba haka ba ne. A 2014 bankuna suka fara ba da lambar BVN. A ƙarshen 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuwa ya sa har iyayenmu tsofaffi sun koyi tura kuɗi ta waya. Yau ɗan sim ɗin nan shi ne mabuɗin rumbu. Kuɗin amfanin gona, da abin da ɗa soja ya aiko wa gida, wani lokaci har kuɗin adashin ƙungiya, duk a bayansa suke.

Yadda ɓarawo yake yi

Yawancinmu mun sa wa fuskar waya lambar sirri, mun ɗauka an gama. Ɓarawo bai damu da wannan ba. Sai ya zare sim ya sa a wata wayar. Idan ya danna *565*0#, lambar BVN ɗinka za ta fito masa. Daga nan ya riƙa gwada lambobin tura kuɗi na bankuna ɗaya bayan ɗaya. Duk lambar tabbatarwa da banki ya turo, hannunsa za ta faɗa, domin banki layi ya sani, bai san fuska ba. Wasu har bashi suke ci da sunan mai layin a wuraren ba da rance na intanet.

Maganin wannan kyauta ne. Sim yana da nasa makulli dabam da na waya, ko da ƙaramar waya ce mai tocila. Ka shiga saitin tsaro, ka nemi wurin kulle sim, ka kunna shi. Za a tambaye ka lambar PIN da layin ya zo da ita daga kamfani. In ba ka san ta ba, kada ka yi ta cinke. Ka kira 300, lambar kula da masu layi ta dukan kamfanonin waya, ka tambaya. Bayan haka ka canza ta zuwa taka. Ban da 1234, ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar wayarka. Daga ranar, duk wayar da aka sa sim ɗin sai ta nemi PIN.

A kula sosai a nan. Kuskure uku yana rufe layi, sai da lambar PUK mai lambobi 8, wadda take jikin katin robar da aka ɓalle sim daga ciki. Kuskure goma a PUK kuwa yana kashe sim ɗin gaba ɗaya. Katin nan da muke ba yara su yi wasa da shi, wurinsa cikin akwati ne tare da takardun haihuwa.

Takarda biyu

Ta farko a bar ta gida. A rubuta PUK, da lambar kiran bankinka, da lambar jikin waya mai lambobi 15 wadda take fitowa in an danna *#06#, domin 'yan sanda sukan tambaye ta. Ta biyu a aljihu, ba a bayan waya ba: lambobin mutum uku na gida da ta bankin. Mu nawa ne muka haddace lambar matanmu ko mazanmu? Kada a rubuta PIN a ko ɗaya.

A kan hanya

Ka cika waya da caji tun dare. In dole ka ba mai caji a tasha, kashe ta, ka cire sim da memori ka riƙe. Ka goge saƙonnin alat kafin tafiya, gama duk wanda ya karɓi wayar zai iya ganin abin da ke asusunka. Wanda ya roƙi aron waya, kai ka danna masa lambar, ka tsaya kusa. Idan wani ya kira ya ce daga banki ne, ko daga wata ƙungiyar tallafi, yana son ka karanto masa lambobi shida da suka shigo, kashe wayar. Da haka ake ƙwace WhatsApp na mutum, a shiga zauren ikilisiya ana roƙon kuɗi da sunansa.

Sabis kuma ba abin dogara ba ne. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara, maƙwabciyarmu ta wajen Danko/Wasagu, har tsawon makonni. Ko ba a rufe ba, akwai wurare a hanyoyinmu da waya ba ta kamawa. Don haka ka faɗa wa na gida motar da ka shiga, da garin da za ka kira daga can, da lokacin da za su fara nemanka in sun ji shiru. Idan kuwa masu makami ne suka tare hanya, ba su wayar, kada ka yi gardama.

Idan waya ta ɓata

Kada ka jira sai ka isa gida. Ari waya nan take, ka fara kiran banki a rufe asusu, sannan kamfanin layi a rufe sim, sannan ka sanar da 'yan'uwa kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka. Rahoton 'yan sanda da zuwa ofis da NIN don a yi maka walkam bak, waɗannan daga baya ne.

Muna roƙon shugabannin matasa su ware rabin awa bayan sujada ran Lahadi mai zuwa, su taimaki iyaye kulle layukansu, a fara da ma'ajin ƙungiyoyi. Matashi ya nuna wurin, sannan ya kau da kai, mai wayar ya danna lambarsa da hannunsa.