Ke Ma Kina Da Haƙƙi A Shimfiɗa

A ajin matan aure, da na taɓo maganar kwanciya sai kowa ta sunkuyar da kai, amma ana tashi sai a biyo ni ɗaya bayan ɗaya. Kukan ɗaya ne: "Malama, da ya biya buƙatarsa sai barci."

To ki sani, jin daɗin nan ba na maigida kaɗai ba ne. A hadisin Abu Zarri da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya nuna saduwar ma'aurata sadaka ce, har sahabbai suka yi mamaki. Imam Gazali kuma, a Ihya'u, ya hori miji ya fara da wasa da daɗaɗan kalamai, in ya riga matarsa ya jira ta.

Sai dai fa maigida bai san gaibu ba. Ki faɗa masa abin da kike so cikin raha, ba lokacin da rai ya ɓaci ba.

Idan kuwa zafi kike ji ko bushewa, musamman lokacin shayarwa, kada ki cusa kayan matan da ba ki san haɗinsu ba. Ki je asibiti, ki nemi likita mace.