Burtsatse Ɗaya, Gine-gine Da Yawa

Ya ku jama'ar Tambuwal da Kebbe, ku leƙa harabar makarantar kwana ko ta asibiti, za ku tarar da gine-gine da dama suna shan ruwan burtsatse ɗaya, suna jan wuta daga inji ɗaya. Masana gini sun yi wa irin wannan tarayya ƙa'idoji, kuma ya kamata mu san su.

Akwai tsare-tsaren da ke ba gini takardar shaida idan ba ya ɓarnar wuta da ruwa. LEED na Amurka ne. EDGE kuwa na IFC ne, wani reshe na Bankin Duniya, ba ya ba da shaida sai gini ya rage cin wuta da ruwa da aƙalla kashi 20 cikin ɗari. A nan gida, a 2017 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin wuta a gine-gine.

To, ina hukuncin kayan tarayya? A tsarin LEED, abin da harabar ta haɗu a kai, kamar magudanar ruwan sama da wurin ajiye motoci, ana iya duba shi sau ɗaya a wadatar da kowa. Amma ana son kowane gini ya kasance da mitarsa. Hikimar a fili take: in ba mita, ɗakin kwanan ɗalibai ya bar famfo yana zuba, ofis ya bar fanka tana juyawa har asuba, in tanki ya ƙafe kowa ya ce ba shi ba ne.

Haɗa kai ya fi sauƙi ga aljihu. A 2019 aka buɗe tashar wutar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, don ta wadatar da haraba baki ɗaya, ba kowane sashe da injinsa ba. Mu da ranar Afrilu ke gasa wa ƙeya, ai ba mu rasa jari ba.

Sai dai tun kafin a kafa faifan sola, shugabannin haraba su zauna da kwamitin iyaye ko na unguwa, su rubuta yarjejeniya. Wa zai goge ƙurar hunturu daga faifan? Wa zai riƙe makullin ɗakin batir? Nawa kowane sashe zai zuba a asusun gyara duk wata? A karanta mita a ƙarshen wata, a liƙa sakamakon a allon sanarwa inda kowa zai gani.